Azumin 'Yata ta Fari

Har yau idan na ji mace ta baje a gidan biki tana cewa, "Ni 'yata ba ta da ci, sai ta wuni ba ta sa komai a bakinta ba," tana faɗa tana washe haƙora kamar wadda aka ba kujerar Makka, sai in ajiye cokali. Ba matar nake ƙyama ba, kaina nake tunawa, don ni ma na yi wannan washe bakin, nawa ma ya fi nata faɗi.

Ni tela ce. Shagona yana Barnawa a Kaduna, cikin jerin shagunan da ke kallon titi, hagu mai sayar da fenti, dama mai kitso. Gida kuma a Makera muke, napep ke kai ni ya dawo da ni. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana a gida ba. Saboda haka gidan daga ni sai mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, sai 'yata. Ita ce ta fari, ita ce kuma kaɗai Allah ya bar mini. Na haifi biyu a bayanta, duk sun koma.

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurina. A gidanmu na taso na tarar uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zura masa ido a gaban mutane. Alkunya ke nan. Matan yanzu da yawa sun watsar da ita, ni kuwa na riƙe ta gam, ga uwar miji a gida tana kallo, har ina jin kaina wata mai tarbiyya. "Ke" nake ce mata. Ke, zo. Ke, miƙo almakashi. Inna ce mai kiran sunanta, ita ke jan ta da wasa tana ce mata ƙawata, ita ke lura da cinta da shanta, kafin yana ta rufe mata ido.

Jikin dangin ubanta ta ɗauko. Cikakkiya ce, mai kumatu, mai damtse. Shekararta goma sha shida a lokacin, kuma wallahi ba abin da ke damun jikinta. Ta ci tuwonta ta suɗe hannu, in an taso makaranta ta zo shago ta yi mini guga.

Masu kawo ɗinki ne suka ishe ni da tambaya: "Hajiya, ba ki da shafi ne? A ina za mu ga aikinki?" Ni ko Makkan ban je ba, amma a Barnawa duk mace mai mayafi Hajiya ce. Yarinyar ce ta buɗe mini shafin a waya, ita ta san kansa. Mutum-mutumin robar da nake rataya wa kaya ba ya fito da ɗinki, sai na ce, to, me ya fi sauƙi? Duk rigar da na gama, in dai ta shige ta, sai ta sa, ta tsaya jikin bangon mai fenti, in ɗauka. Lokacin ake yayin rigar nan mai ƙarafa a ciki da igiya a baya, wadda ake ɗaure mace tamau har numfashi ya gagare ta. Kowace amarya ita take so.

Da farko yabo aka yi ta yi. Daga baya masu baƙin baki suka iso. Wata ta rubuta, "Ɗinki ya yi, amma a nemo mai ƙugu." Wani ƙato da ban san daga wace uwa duniya ya fito ba ya rubuta, "Wa ya ɗaure buhun masara da leshi?" Kun san abin da na yi? Dariya na yi. Na karanta shi da ƙarfi a cikin shago, da mata biyu zaune suna jiran gwaji, muka kwashe da dariya, har ɗaya tana share hawaye. Yarinyar tana tsaye tana guga, ita ma ta yi 'yar dariyarta. Tir da ni. Ko akuyata aka zaga haka ai da na rama mata.

Bayan kwana biyu ta nuna mini wata dabara a wayar. In ka ɗauki hoto, sai ka sa yatsa ka matse ƙugu, ka shafe tumbi, ka ja wuya. Ta yi wa wani hotonta, wanda ta sa doguwar riga ruwan goro. Ƙugun ya koma kamar na zanzaro, har layin bulon da ke bayanta ya lanƙwashe, amma wa ya kula? Na karɓi wayar, na kalla, na ce, "Yauwa! Ka ga mutum. Haka nake so." Hoton nan ya jawo mini ɗinki har na rasa inda zan ajiye atamfa. Shekara goma sha shida ban taɓa buɗe baki na yaba mata ba, ranar da na yi kuwa, ƙugun ƙarya na yaba.

Aka yi azumin Ramadan, aka yi salla. Sai ta ɗora da sitta Shawwal, Inna ta sa mata albarka. Ta gama, ta ce akwai ramuwa a kanta. Ta gama ramuwa, ta kama Litinin da Alhamis. Sai kwana uku na tsakiyar wata. Sai wata rana ta dawo daga islamiyya ta ce ta ji falalar azumin Annabi Dawuda, a yi yau a huta gobe. Ranar hutun kuma in an zuba mata abinci sai ta ce ta ci a makaranta.

Wa zai hana yaro ibada? Inna har kuka ta yi don daɗi, tana cewa Allah ya ba ta jika waliyyiya. Ubanta da ya dawo ya ce ta rame, na ce azumi ne, ya ce Allah ya karɓa, ya koma hanya. Ni kuwa alkunya ba ta bar ni in yabe ta kai tsaye ba, sai na koyi yabo a fakaice. In mata sun cika shago sai in ja tsaki in ce, "Wannan yarinyar ta ishe ni da azumi, ko gishirin miya ba ta ɗanɗana mini." Su ce, "Kai, Hajiya, kin dace! Namu suna can suna rawa a waya." In sunkuya kan keken ɗinki, kaina yana ƙara girma.

In an kira magariba, a gabanmu take cin dabino ɗaya ta kurɓi ruwa. Sai ta ɗauki kwanonta ta ce, "Umma, bari in yi salla, zan ci a ɗaki ina bitar karatu." Can an jima ta fito da kwano tas, har ta wanke. Ni kuma ina ƙara mata malmala, wai mai azumi ce. In yi mata farfesun kayan ciki, in dama mata kunun gyaɗa, in sayo mata tsire a hanya.

Tef ɗina ya gaya mini gaskiya tun da wuri, ni ce na ƙi ji. Duk sabon ɗinki sai na zagaya mata shi a ƙugu. Talatin da biyu ne a da. Ya koma talatin. Ya koma ashirin da takwas. Ranar da babban yatsana ya tsaya a kan ashirin da biyar, na ce, "Ikon Allah," na ja alli a kan yadi na yanka. Ni da nake gane mace ta samu ciki daga awo kawai, tun kafin ta gaya wa mijinta, na kasa gane 'yata tana ƙarewa a hannuna. Yanzu ba sai an matse hoto ba. Masu sharhi suka juya harshe: "Masha Allah, wannan ƙugu!" "Don Allah me take sha?" "A ba mu sirrin mana."

A cikin watannin nan wani wari ya addabe mu a gida. Ba ya tashi sosai sai rana ta take. Daga cikin ɗakinta yake fitowa, inda nake jingine buhunan ƙyallayen da nake kwasowa daga shago ina tara wa masu cusa matashi. Na ce ɓera ne ya mutu a silin. Na sa aka leƙa silin, ba komai. Na zuba maganin ɓera, na kunna turaren wuta, na zagi maƙwabta a zuciyata na ce kwatarsu ce. Ita kuma in na tambaye ta sai ta ce ba ta jin komai.

Mai kitson da ke dama da ni ce ta farkar da ni. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, a Romi take zaune, shekara tara muna jere da ita. Madam nake ce mata. Ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, abin da ke cikinta shi ke bakinta. Wata Asabar yarinyar ta shiga wurinta kitso, ba a jima ba Madam ta leƙo shagona ta ce, "Hajiya, zo waje."

Na fito da zare a baki. Ta miƙo mini mataji cike da gashi dam, ga wani dunƙule a ɗaya hannun.

Ta ce, "Sau ɗaya na taje fa. Kuma ki taɓa hannunta, sanyi ƙalau. Kowa na gumi, ita tana cikin rigar sanyi. Yarinyar nan ba ta da lafiya."

Na ce, "Azumi take yi, Madam. Ba za ki gane ba."

Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ni ce ba zan gane ba? Shekara nawa ina ganin azuminku? Ke da kanki, duk watan azumi akwai kwanakin da kike shigowa shagona ki ɓuya bayan labule ki ci shinkafa da wake, ki ce kina fashin salla. To ita fa? Wata nawa yanzu, in na miƙa mata gyaɗa sai ta ce azumi, kullum kuma ina ganinta tana alwala a bakin famfo. Ita ba mace ba ce?"

Na tsaya a bakin titi ina ƙirga watanni da yatsu. Huɗu. Wata huɗu rabon da in ga ranar da ta ɗaga salla. Audugar matan da na sayo mata tana nan a saman durowa, ko ledar ba a farke ba, kullum ina ganinta ina wucewa. Abin da nake ta fariya da shi, wai ba ta fashi ko na rana ɗaya, ashe shi ne babbar alamar.

To, a nan ne na yi abin da ya fi komai ƙazanta. Kuna tsammanin yunwa ce ta zo mini a rai? Ina! Ciki. Shi ya faɗo mini kai tsaye. Na tuna wata safiya da na ji tana kakarin amai a bayi, ta ce mini ƙwarnafi ne. Na tuna yadda take kife fuskar wayarta in na matso. Na ce shi ke nan, azumin ma na tuba ne. Ban tsaya na tambayi kaina ina ciki zai zauna a ƙugu ashirin da biyar ba. Abin da za a ce a Makera kawai nake ji a kunnena.

Na ja ƙofar shago, na fizgo ta daga kujerar Madam da kai rabi a tsefe, na tura ta cikin napep. Madam tana kira, "Hajiya, a hankali! Ba haka nake nufi ba!" Ko waiwayowa ban yi ba. Muna isa gida na shigar da ita ɗakinta na murza makulli.

Na ce, "Wa ya yi miki?"

Ta ce, "Me, Umma?"

Na ɗauke ta da mari. Hannuna ya sauka a kan ƙashi, ba kumatun da na sani ba, amma ko wannan bai dawo da ni hayyacina ba. Ta tafi luu ta dafa bango. Azumi take a ranar. Ba ta yi kuka ba, ido kawai ta zuba mini. Inna tana dukan ƙofa tana salati, tana cewa in ji tsoron Allah.

Na shiga birkice ɗakin ina neman shaida, ko ƙwaya, ko wasiƙa, ko kyautar wani ɗan iska. Na ɗaga katifa, na zazzage jakar makaranta. Na jawo buhun ƙyallaye na kifar. Sai ga baƙaƙen ledoji suna gangarowa, ɗaurarru, sun kumbura suntum. Ɗaya ta faɗo a kan ƙafata ta fashe.

Wayyo Allah. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ya zama wani koren ruwa, tsutsotsi farare fat suna motsi a tsakanin yatsun ƙafata. Na kifar da buhu na biyu, haka. Ga dambu ya yi gashi, ga tsiren da na sayo har da takardarsa, ga farfesun da na tsaya na wanke hanjinsa sau uku. Ashe a leda take juye abincin, in ta samu hanya ta kai bola, in ba ta samu ba ya taru. Ga mushen ɓeran da nake ta nema. Na durƙusa a wurin na yi ta sheƙa amai har cikina ya ƙulle.

Kuma don ku san irin taurin kaina, ina goge baki ina cewa a raina, ai masu ciki ma ba sa son abinci. Na wanke ƙafa, na ja ta zuwa wani asibiti nan kusa, na ce a yi mata gwaji. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta sa aka ɗauki fitsari, ta ɗora ta a sikeli, ta riƙe tsintsiyar hannunta ta daɗe tana kallon agogo. Da sakamako ya fito ta ce babu ciki.

Na ɗaga hannu sama na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, har na waje suka ji.

Likitar ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Hajiya, wa ya ce miki labari mai daɗi na ba ki? Jikin da ba ya samun abinci ne ke ɗauke al'ada. Zuciyarta a hankali take bugawa. Yau ba za ta kwana a gida ba. Ke ba kya kallonta ne?" Sannan ta dubi shatin yatsuna a kuncin yarinyar, ta dube ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da rana, tana kwance ana ƙara mata ruwa, na ce ta buɗe mini wayarta. Ba ta yi musu ba, ƙarfin musun ma babu. Na zauna a kujerar roba ina ja da yatsa. Ni wayata ɗinki take nuna mini, da wa'azi, da girke-girke. Tata kuwa wata duniya ce daban. Bidiyo na bin bidiyo, ba ƙarshe. 'Yan mata suna ɗaga riga suna nuna haƙarƙari, wata ta jera abincinta na wuni guda a faranti, abin da ko kaza ba zai ƙosar ba, tana fari da ido. In ka wuce ɗaya, wayar ta miƙo maka goma. Ga manyan mata sa'o'ina, sun sha hoda, suna tallar shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki, suna rantsuwa da Allah. Allah wadaran wannan sana'a.

Sai na shiga wani zaure da suka buɗe a wayar, su 'yan mata da yawa, wasu 'yan ajinsu, wasu ba ta taɓa ganinsu ba. Kowace safiya kowa sai ta faɗi abin da ta ci jiya. Wadda ta ci da yawa a yi mata ca, a turo mata hoton saniya. Wata ta kawo kukan cewa uwarta na tsare ta sai ta ci, wata ta ba ta amsa: "Ki ce azumi kike. Ba uwar da za ta hana ki lada." A ƙarƙashin wannan 'yata ta rubuta, "Wallahi yana aiki. Tawa har alfahari take yi."

Na ajiye wayar a cinya. Da na ƙara ɗauka sai na lura da hoton da ke fuskar wayar, wanda take kifewa in na matso. Na doguwar riga ruwan goro ne, mai lanƙwasasshen bulo.

Na ce, "Ke, wannan ai ba ke ba ce. Da yatsa kika yi shi, a gabana."

Ta juya fuska wajen bango. Murya can ƙasa ta ce, "Na sani, Umma. Amma ranar ce kaɗai kika ce haka kike so."

Na fito baranda na tarar da Madam ta taso tun daga Romi bayan an tashi coci, da kular faten acca a hannu. Ta kalli fuskata ta ce, "Kuka ba yanzu ba, Hajiya. Nemo cokali."

Kada wani ya ɗauka daga nan aka warke. Cokali uku ta ci a ranar, tana ci tana hawaye kamar ana ba ta guba. Da aka sallame mu aka haɗa mu da wata likitar da ke zama da ita su yi magana duk sati. Na goge hotunanta kaf daga shafin, ɗinki ya ja baya, ko a jikina. Ta fice daga zauren nan a gabana, amma ban yaudari kaina cewa na toshe duk ƙofofin ba. Inna ta fi kowa shan wuyar ganewa, kullum sai ta ce, "To, yanzu azumin ne ya zama laifi?" Sai da ubanta ya kai maganar wurin malamin unguwa, malam ya ce wanda azumi zai cutar barinsa ne daidai, sannan ta yi shiru. Shi uban bai yi mini faɗa ba. Ya dai daɗe a tsaye yana kallon buhunan da na fitar tsakar gida zan ƙona. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hotunan kuma ba su mutu ba. Wata mai shayin rage tumbi ta sato tsohon hotonta mai kumatu, ta jera da na lokacin da take dab da kabari, ta rubuta wai aikin shayinta ne. Mata na ta tambayar inda ake sayarwa. Na rubuta mata zagin da ban san na iya ba, ta toshe ni, hoton yana nan.

Da watan azumi ya zagayo likita ta ce kada ta kuskura. Ta yi kuka, ta ce za a yi mata dariya, ta ce ni ke son ta koma buhun masara. Na ce na ji, a yi. Kullum in ta taso makaranta sai in sauke labulen shago, in zuba mata abinci, in zauna a gabanta da azumi a bakina, ina bin kowace loma da ido har ta haɗiye. Wata rana wata Hajiya mai yawan kawo leshi ta bankaɗo labule ta gan mu. Ta riƙe haɓa ta ce, "A'a! Budurwa guda da rana tsaka? Ba ita ce mai azumin nan ba? Kai, ta ma fara lalacewa, ga kumatu sun dawo. Da kin bar ta yadda take, ta fi kyau."

Cokalin ya tsaya a hannun yarinyar. Na tashi, na ciro leshin matar wanda ko yankawa ban yi ba, na dangwara mata a hannu. Na ce, "Ga kayanki, ga hanya. In kika ƙara minti ɗaya a nan, a kanki zan karya azumina." Ta fita tana cewa ba ni da mutunci. Na koma na zauna, na ce, "Ci." Ta ci.

Tun daga asibiti ban ƙara zagaya mata tef ba. Da ido nake yanka mata kaya, in sun yi yawa su yi. Abu ɗaya nake jira, wanda likita ta ce shi zai nuna jikin ya yarda ya dawo, kuma ba abin da uwa irina take tambaya ba ne. Audugar nan na sauko da ita daga saman durowa na sa mata a jakar makaranta. Wata ya wuce, wani ya wuce. Kullum in an kira salla sai in saci kallonta, in ga ta ɗauki buta. Ban san wata uwa da ta taɓa jin takaicin ganin 'yarta za ta yi alwala ba sai ni.

Wata Laraba bayan babbar salla aka kira la'asar. Madam tana tsaye a bakin ƙofata tana tsefe gashin kanti muna hira. Na shimfiɗa darduma na ce, "Ke, tashi mu yi salla."

Ba ta tashi ba. Tana zaune a kan benci tana warware wani ɗinki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, ki yi kawai. Ni yau ina fashi."

Madam ta saki gashin ya faɗi ƙasa. Ni kuma ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, da ƙarfi, a gaban Madam, a gaban mai fenti da ke wucewa da bokiti, karo na farko tun ranar da aka raɗa mata shi.

Ba ta amsa ba. Sai ta waiwaya wajen ƙofa, tana duba wanda ya kira ta.